Idon Goggo da Tuwon Mutanen Garwa

Tun da muka dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin shagona a Ƙofar Ruwa, da na ɗaga kai daga keken ɗinki sai wani ya ce, "Habu, wai yaya Garwa take ne?" In na fara, wani ya shigo a tsakiya ya ce in koma farko. Wannan labarin kifi yake so, wancan na jandarma, wasu kuwa so suke su ji ko gaskiya ne an yi wa Goggo aikin ido kyauta. Na gaji da maimaici, shi ya sa na zauna na rubuta. Kowa ya karanta, ya ƙyale ni in gama ɗinkin mutane.

Ga wanda bai san ta ba, Goggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Sunan babanta gare ni, don haka ba ta kiran sunana, sai dai ta ce Baffa. Kakanninmu makiyaya ne da suka zauna cikin birni tun da daɗewa. Shanun sun ƙare, Fulatancin ma ya kusa ƙarewa, amma kunyar tana nan a wurin Goggo ba abin da ya taɓa ta. Idonta na hagu ya riga ya tafi, haske kawai take gani da shi. Na daman ma ya fara tsukewa, ta ce kamar mai leƙe ta ramin ƙofa. Likitocinmu suka ce hawan jinin ido ne, maganin ɗigawa ya daina riƙe shi, sai aiki. Da wannan ido ɗaya take karanta Alƙur'aninta mai manyan baƙaƙe, da shi take gane jikokinta. Abin da ta fi tsoro a duniya shi ne a wayi gari ana jan ta da sanda.

Wani Alhaji mai sayar da fata a Kurmi, da yake zuwa Kamaru fatauci, shi ya ba ni labarin wani asibitin ido a wajen garin Garwa. Ya ce aiki kyauta, masauki kyauta, abinci kyauta, har kuɗin mota suna mayar wa mutum. Na ce, "Alhaji, banza fa ba ta kai zomo kasuwa." Ya ce shi dai da idonsa ya ga tsofaffi suna fitowa suna sa albarka. A nan gida kuma layin jira ya yi tsawo, idon kuwa ba ya jira. Na rufe shago muka kama hanya.

Motar da muka samu a tasha irin wadda ake ce wa ta mutum bakwai ce, amma direban bai yarda da wannan lissafi ba. Ni da wani mai buhun barkono muka raba kujera ɗaya, buhun kuma ya raba mu da numfashi. Daga Birnin Kudu har Gombe atishawa muke yi a jere kamar masu karɓa-karɓa. Goggo tana gefen taga, ta lulluɓe da mayafi. Bayan Kaltungo taya ta fashe, muka zauna gindin wata bishiya, wata mata mai goyo ta miƙa wa Goggo dafaffiyar gyaɗa. Goggo ta karɓa da hannu biyu, ta kwance bakin zaninta ta ba matar goro. Matar ta ce ba ta cin goro. Goggo ta ce, "Ki kai wa mai ci." Dariya na yi a lokacin.

A Yola muka kwana gidan wani abokin Alhajin, washegari muka nufi bakin iyaka. Ni a zatona iyaka wata katanga ce da ƙofa, kamar tamu ta birni. Ashe kogi ne. Aka loda mu a kwale-kwale, mu da babura biyu da akuya da wani ango da sabuwar katifarsa. Ni Bakano, ruwan da na sani shi ne na kududdufi da na famfo, sai ga ni a tsakiyar kogi ruwa na taɓa gefen jirgi. Na riƙe katifar angon nan kamar tare muka saya. Mai tuƙin ya dube ni ya ce, "Malam, in ka yage masa katifa kai za ka yi wa amarya bayani." Iska ta ɗauke mini hula, sabuwar zanna da na ajiye don tafiyar, ina ji ina gani ta bi ruwa. Da kai a buɗe na shiga ƙasar mutane.

A ɗaya gaɓar muka haɗu da jandarma. Ya karɓi takardunmu yana ta Faransanci, ni kuma ina ta cewa "yes sir," ba wanda ya gane wani. Ya nemi katin rigakafi, na ba shi, ya juya shi sama ya juya ƙasa, ya nuna mana benci. Muka zauna rana tana dukanmu. Can sai ya juya ya yi wa abokin aikinsa magana da Fulatanci. Goggo, wadda rabon da in ji ta haɗa jimla da harshen nan tun ina yaro, ta ɗaga murya kaɗan ta gaishe shi da cewa, "Jam na?" Mutumin ya tsaya cak. Suka yi 'yar magana, na ji tana laluben kalmomi, ya tambaye ta zuriyarta, ta faɗa. Sai ga shi ya miƙo takardun da hannu biyu, har da tare mana mota. Ni da na yi makarantar boko na zama ɗan rakiya.

Garwa gari ne mai zafi, zafin da ya sa na daina kukan namu. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne burodinsu, dogo kamar sanda, da tauri kamar an yi fushi da shi, kuma haka za ka ga babban mutum ya saƙala shi a hammata yana tafiya ba ko leda. Da rana tsaka sai ka ga an rufe ofis an tafi cin abinci, mai jira ya yi ta jira. Na ga namiji da mace sun gaisa suna haɗa kumatu a bakin titi, na waiga in ga wanda zai yi magana, ba wanda ya ko kalle su. Amma kifinsu, jama'a, a nan na sallama. Gasasshe ne da yaji da albasa, ana ci da wani curin rogo da ake naɗewa a ganye. Rogon warinsa ya kore ni da farko, daga baya ni nake neman ƙari.

Asibitin tsaf yake. Aka ba mu ɗaki a masaukin baƙi, gado biyu, gidan sauro, fanka. Wata nas mai suna A'isatu, Bafulatanar can ce da ta iya Hausa sosai, ita ke kula da mu. Safe da rana da yamma sai ga kwanuka: kunun gyaɗa, tuwon masara da miyar yakuwa, wani lokaci har da nama. A'isatu ta lura Goggo ba ta iya tauna burodin, sai ta riƙa jiƙa mata a shayi. Likitan ma da ya zo duba ta, saurayi ne baƙi siriri, sai da ya durƙusa ya gaishe ta da Fulatancinsa na koyo. Goggo ta yi ta sa albarka. Ni kaina na ce a raina, Habu, ka ji kunya, ka zargi bayin Allah a banza. Haka muka yi 'yan kwanaki ana aune-aune, muna ci muna sha.

Ranar da aka gama aune-aunen aka kira mu ofis. Na gyara zama na ce, "Ni ne ɗanta, ni na kawo ta. In akwai wurin sa hannu ku kawo in sa." A'isatu ta fassara, likitan ya yi murmushi ya ce a'a, mai idon ita za ta yanke. Abin ya ba ni mamaki, don a wurinmu in tsohuwa ba ta da lafiya, 'ya'ya ke magana da likita, ita tata addu'a ce.

Sai ya fara bayani, A'isatu tana juyawa da Hausa a hankali. Ya ce akwai aikin da aka saba yi wa irin wannan ciwo, an san amfaninsa an san matsalarsa. Akwai kuma wani sabo, wani ɗan siririn bututu da ake sakawa cikin ido ya riƙa rage ruwan. Suna fatan ya fi na da, amma ba su tabbatar ba, shi ya sa suke bincike. Wanda ya yarda ya shiga, na'ura ce za ta yi ƙuri'a, ko ta ba shi tsohon aiki ko sabon. Ya ce sabon yana iya yin kyau, yana iya ƙin yi, kuma akwai abin da su kansu ba su sani ba tukuna, har da yiwuwar ganin ya ƙara raguwa.

Na ce, "Tsaya, Malama. Gwaji kenan?" Ta ce, "Bincike ne, eh, gwaji ne." Na ce, "Ƙuri'a? A kan idon mutum? Idon da shi kaɗai ya rage mata?" Ku da kuke Kanawa kun san yadda kalmar gwaji take a kunnenmu tun abin da ya sami yaran garin nan shekarun baya, lokacin annobar sanƙarau. Alhaji mai fata bai ce mini gwaji ba, kuma na tabbata shi ma bai sani ba.

Gaskiya ɗaya ce, likitan bai ɓoye komai ba. Ya ce in ta ƙi ba abin da zai canza, za a yi mata tsohon aikin a nan, kyauta, ta ci gaba da zama a masaukin. Ya maimaita wannan har ya gaji. Sannan ya ce in ɗan fita, yana so ya ji daga bakinta ba tare da wani nata ya matsa mata ba. Ni! A fitar da ni kamar wani mugu. Na fita ina huci, amma hankalina a kwance, don na san Goggo. Matar da ko sabon maganin ciwon kai ba ta sha sai ta ji wanda ya taɓa sha.

Da aka buɗe ƙofa sai na ga shuɗin tawada a babban yatsanta. A'isatu ta ce ta yarda. An tambaye ta sau uku, sau uku tana cewa to. Likitan yana ta fara'a, har ya ce a gaya mini in kwantar da hankalina, tun da suka fara aikin nan ba a sami mutum ɗaya da ya ƙi ba. Shi yabo yake nufi. Ni kuwa sai na tuna tsofaffin da suka cika masaukin, kowa da kwanonsa a gabansa.

Bayan la'asar aka kawo abinci, Goggo ta ce ta ƙoshi. Ta zauna bakin gado ta ce in matso. Ta kama fuskata ta juya ta wajen taga, ta daɗe tana kallona da idon nan ɗaya. Na ce, "Goggo, lafiya?" Ta ce, "Ina dai kallo ne, Baffa." Hawaye na bin kumatunta.

Na ce, "Goggo, kina son aikin nan na gwaji?"

Ta ce, "Ina fa zan so. Ni wanda aka saba nake so. Tun da yaron nan ya ce ba su sani ba, tsoro ya kama ni."

"To don me kika ce to? Ai ya ce ko kin ƙi za su yi miki wancan."

Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "Baffa, kwana nawa muna cin tuwon mutanen nan? Sun shimfiɗa mana, sun ɗauke mana kuɗin mota, yarinyar nan tana jiƙa mini burodi da hannunta. Yaron nan da iliminsa ya durƙusa mini. Yau abu ɗaya suka nema a wurina, sai in buɗe bakin da na ci abincinsu da shi in ce a'a? Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski."

Na ce, "Goggo, ba lada ba ne, su da kansu suka ce ba komai."

Ta ce, "Haka mai gida yake cewa. Kai in baƙo ya zo ba ka ce masa ba komai?"

Na koma ofis a guje na ce mun fasa. Likitan ya saurare ni da kyau, ya ce tana da ikon fasawa ko da an kwantar da ita a gadon aiki ne, amma kamar yadda bai karɓi amincewata a madadinta ba, haka ba zai karɓi ƙina a madadinta ba. Sai ta faɗa da kanta. Dokar nan don kare irin su Goggo aka yi ta, na gane haka, kuma ga shi ita ce ta tsare mini hanya.

Na dawo na ce mata mu tattara kayanmu mu sulale. Ta ce, "In gudu kamar ɓarauniya, da tuwon mutane a cikina?" Sannan ta ce in dai ina so ta iya buɗe baki, to sai an yi musu tukwici, a fita kunyarsu tukuna. Washegari na shiga kasuwar Garwa da kaina a buɗe, na sayo goro mai kyau da turmin atamfa da turare, Goggo ta haɗa da tasbaharta mai tsada da aka kawo mata daga Makka. Muka kai wa likitan. Ya miƙe tsaye, ya dafa ƙirji, ya ce "useko, useko," wato ya gode, amma dokar binciken ta hana su karɓar ko da ƙwayar goro daga hannun mara lafiya. Aka dawo mana da kayanmu. A garinmu in aka mayar maka da tukwici ai an gama da kai. Goggo ta koma ɗaki ta juya fuska bango.

A'isatu ce kaɗai ta gane abin da ake ciki, don ita ma 'yar gida ce. Na zayyana mata komai a bakin famfo. Ta riƙe haɓa ta ce, "Innalillahi. Kakata ma haka za ta yi." Ta ce za ta gaya wa likita a cire sunan Goggo shiru, ko a aiko wani wanda ba ta taɓa cin komai a hannunsa ba ya tambaye ta. Na ji sanyi a raina, har na ci abinci.

Amma likitan mutumin kirki ne, kuma kirkinsa ne ya ƙarasa mu. Da ya ji tsohuwa tana cikin damuwa, bai aiko kowa ba, da kansa ya taso har masauki. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa a gabanta, ya ce ta bakin A'isatu, "Mama, an ce ba kya so. In haka ne ki gaya mini, wallahi ba zan ji haushi ba, kuma ba abin da za ki rasa." Ina tsaye ina yi mata alama da ido, na manta ba ta hango ni daga nan. Goggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta ce, "Ɗana, ni na ce maka na fasa? Yaro ne kawai yake surutunsa. Ku yi aikinku, Allah ya yi albarka."

Ni da furfura a gemu, ni ne yaro mai surutu. A'isatu ta fassara masa kalma da kalma, ta ƙara da nata bayanin da Faransanci, na ga suna 'yar jayayya. Ya sake tambaya, Goggo ta sake cewa to. Me zai rubuta? Abin da ta faɗa ya rubuta. Da muka fito A'isatu ta ce mini, "Na ce masa kada ya zo da kansa."

Ƙuri'a ta faɗa kan sabon aikin. Da aka tura ta ɗakin tiyata na zauna a dakalin waje, na karanta duk abin da na haddace, na koma farko. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ban san wanda zan yi fushi da shi ba. Ba wanda ya yi mana ƙarya. Ba wanda ya tilasta mata. An yi mata bayani da harshen da take ji, an tambaye ta an sake tambaya. Kuma duk da haka an shiga idon matar da ba ta so.

Da aka cire bandejin ta ƙifta, ta ƙifta, ta ce, "Baffa, wannan rigar ba ita ka sa jiya ba?" Na durƙushe a wurin ina kuka kamar ƙaramin yaro. Idon ya tsaya, Alhamdu lillahi. Bai koma kamar da ba, dama sun ce ba zai koma ba, amma tsukewar ta tsaya, kuma za mu riƙa komawa ana dubawa. Kafin mu taho na ce wa A'isatu ta gaya wa likita, don Allah su riƙa yin tambayarsu tun ranar da mutum ya sauka, kafin a ɗora masa kwano. Ya rubuta, ya ce zai kai wa manyansa. Ko sun gyara, ban sani ba.

Dawowa ba wani labari, sai dai a kwale-kwale na zauna a tsakiya na rufe ido har muka haye. Da muka iso gida aka cika da 'yan barka. Duk wanda na ba labarin sai ya ce, "To ai ga shi ta warke, Habu, me kuma kake so?" Har yau ban sami amsar da za ta gamsar da su ba. Na dai san da aikin nan ya zo da akasi, da yanzu ina jan Goggo da sanda, tana gaya wa mutane ita ta ce to.

Shekaranjiya Hajiya Ladi maƙwabciyarmu, wadda nata idon ma ya fara, ta shigo wurin Goggo neman kwatancen asibitin. Ina tsakar gida ina jin su. Goggo ta yabi mutanen ƙwarai, ta ce masu kirki ne, ba su ɓoye mata komai ba, kuma hannun likitan yana da albarka. Hajiya ta miƙe za ta tafi, har ta kai bakin ƙofa, sai Goggo ta kira ta ta rage murya.

Ta ce, "Ladi, in za ki, ki tafi da garinki da tukunyarki. Ko ruwansu kada ki sha sai kin ji abin da suke so."